Akuyar Kaka da Wuƙar Baba

Jiya ina gyaran alayyafo a kicin, 'yata ta kamo min gidan rediyon garinmu a waya. Sai ga waƙar Kirsimeti, irin ta matan majami'a, mai kiɗan tulu da caki. Na ajiye tiren, na zauna.

Bari in gaya muku. A gidan hayar da na tashi, ɗakinmu yana kallon na wata tsohuwa Kirista, Kaka muke ce mata. Ita kaɗai ke da rediyo. Disamba na kamawa take rataye shi a ƙusar bakin ƙofa, waƙar nan ta tashe mu cikin sanyi, mu kewaye murhunta, zannuwanmu duk ƙaurin hayaƙi. Ranar jajibere ba ta barin 'ya'yanta su taɓa wuƙa. Da kanta take jan akuyar zuwa ƙofarmu.

"Malam, fito ka yanka mana, yaran nan su samu su ci."

Idan Baba ya juya akuyar gabas, sai ta rage muryar rediyon har ya yi bisimilla, sannan ta mayar. Washegari shinkafa ta shigo mana a kwano mai murfi.

Da rikici ya zo, kwalta ta raba garin biyu, Musulmi a gefe guda, Kirista a ɗaya gefen. 'Ya'yanta suka ɗauke ta a gaggauce, rediyon yana rataye. Baba ya naɗe shi a tsumma, ya ajiye mata har ya rasu. Ba wanda ya zo karɓa.

Yanzu muna Gubaira, can ƙasar Larabawa, maigidana yana tuƙa motar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa. Maƙwabtanmu ƙofar ƙarfensu kawai na sani. 'Yata nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta.

"Yumma, waƙar Nasara ce fa. Kin san ta?"

Na so ta riƙe labarin nan ko bayan raina, don cikin waɗanda suka ci akuyar ni kaɗai na saura. Na ba ta shi a hankali, tun daga ƙusa har kwano. Ta saurara, yarinya ce mai ladabi. Sannan ta ce, "To me ya hana ta sayen yankakken nama a kanti? Ai ya fi sauƙi."

Na buɗe baki, waƙar ta ƙare, aka shiga talla. Na ce mata haka ne, na jawo tiren alayyafona.