Laifin Malamin Dabbobi

A zamanin da na fara aikin akawu a ƙaramin ofishinmu na Bagudo, babu kalmar da ma'aikaci ke tsoro kamar a ce masa "iyaka". Akwai wata tashar duba shanu can gaba da Illo, dab da ƙasar Dahome, wadda yanzu ake kira Benin, kuma nan ne Baturen da ke shugabancinmu yake jefa duk wanda ya ɓata masa rai. Sai ka ƙetare kogin Kwara a kwalekwale, ka bi hanyar da damina ke mayarwa fadama, sannan ka isa wata rumfa wadda sauro ya riga ka kama wuri a cikinta. Baturen nan ba ya zagi, ba ya tsawa. Zai ɗaga kai kawai ya ce "iyaka" da Hausarsa ta hanci, kai kuma ka je ka naɗe tabarmarka.

Darasi guda muka koya a hannunsa, muka kuma haddace shi fiye da dokokin aiki: kada ka yarda a san abin da kake so. In ya ji ma'aikaci yana jin daɗin wuri, to ya tabbata akwai ɓarnar da yake yi a can, sai ya ɗauke shi. In kuwa ya ji kana kuka da wuri, sai ya bar ka ka ƙara gyaruwa. Saboda haka duk muka zama gwanayen kuka. Malamin gona ma, garin da ya yi sabon aure a cikinsa shi yake kushewa a gaban Bature, har ya rantse ruwan rijiyarsu yana sa shi ciwon ciki.

Amma gwanin gwanayenmu malamin dabbobi ne. Dogo ne siriri, mai ɗan gemu, ya girme ni nesa ba kusa ba. An jefa shi iyaka tun da daɗewa saboda dokin Bature ya yi tari a hannunsa bai warke da wuri ba. Duk sa'ad da ya zo Bagudo kawo bayanin aikinsa na ƙarshen wata, tun daga bakin ƙofa zai fara susa. Ya nuna cizon sauro a hannu, ya nuna na wuya, ya yi tari irin na dokin da ya jawo masa horon, sannan ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, a tausaya a maido ni. Wuringa ya ci ni."

Bature ya dube shi da gamsuwa ya ce, "Ka ƙara zama."

Sai ya fita kai a sunkuye. Ni kuma da yake teburina yana kusa da taga, ina ganin yadda da zarar ya wuce tsamiyar bayan ofis yake miƙewa, ya gyara hula, ya nufi bakin ruwa da saurin da saurayi ma sai ya yi da gaske ya cim masa.

Kowa a ofis ya san dalili, ban da Bature. Mahaifiyarsa mutuniyar Dendi ce, tana zaune a wani ƙauye da ke tsallaken iyaka, rafi ɗaya ne tsakaninsa da tashar shanun. Ta tsufa, ganinta ya yi rauni, ta kuma ƙi barin gidan da mijinta ya bar ta a ciki. Shi kaɗai ya rage mata cikin 'ya'yan da ta haifa. Kullum bayan la'asar, in garken ƙarshe ya wuce, sai ya naɗe ƙafar wando ya ƙetare rafin, ya ɗebo mata ruwa, ya hura mata wuta, ya zauna ya ji ƙorafinta na yini. Ga shi akwai doka cewa ba a barin ma'aikaci a iyaka in yana da dangi a tsallake. Shi ya sa bakinmu ya zama ɗaya, har masinjan ofis da ba ya iya riƙe magana ya riƙe wannan.

Ana nan sai aka sami mulkin kai. Aka yi bikin tuta, 'yan makaranta suka yi fareti, muka ci shinkafa. Ba a jima ba Bature ya haɗa akwatunansa, aka turo mana sabon shugaba, ɗan ƙasa, saurayi mai fara'a wanda ya yi karatu a Zariya. Ina son mutumin nan, har yau ina yi masa addu'a. Sai dai yana cikin mutanen da za su yi maka alheri ba tare da sun dubi fuskarka ba.

Ya zo da sabon tsari cike da kai. Ya hana durƙuso, ya hana cire takalmi a bakin ƙofarsa. Ya kafa taron ma'aikata duk ranar Litinin, wai don kowa ya faɗi abin da ke ransa. Zai yi ta bayani har rana ta take, sannan ya ce, "Akwai mai magana?" Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Babu, ranka ya daɗe." Ya ɗauka mun gamsu ne. Mu kuwa muna jiran mu ga inda tarkon yake.

A taron da malamin dabbobi ya halarta ne abin ya faru. Ya shigo da susarsa da tarinsa kamar yadda ya saba, ya yi kukansa tsaf, bai rage komai ba. Sai muka ga shugaba ya tashi tsaye, idonsa ya kaɗa.

"Malam, na karanta yadda aka zalunce ka. A kan doki! Daga yau babu sauran canjin wuri don horo a ofishin nan. Iyaka za a riƙa zuwa ne bi da bi. Kai kuwa ka sha wahala ta ishe ka. Ka dawo Bagudo, an ƙara maka girma, ga teburinka can."

Muka tafa, don ba mu san abin da za mu yi da hannuwanmu ba. Malamin dabbobi kuwa sai ga hawaye shar. Shugaba ya ga hawayen, ya rungume shi, ya ce wannan shi ne ma'anar 'yanci.

Da azahar muka haɗu a gindin tsamiya inda muke shan fura. Malamin dabbobi ya riƙe ludayi bai kai baki ba.

"To, mi za ni yi? In na hwaɗi gaskiya, doka ta kore ni. In na yi shiru, wa ka ɗebo ma tsohuwa ruwa?"

Ni ne na kawo shawara, kuma a lokacin na ɗauka babu mai hankali kamata. Na ce ai laifi ya kai shi iyaka da farko, laifi zai mayar da shi. Duk shugaba, komai daɗin bakinsa, akwai inda za a taɓa ya fusata. Kowa ya ce wannan magana ce.

Ya fara da makara. Mutumin da bai taɓa bari rana ta riga shi wurin aiki ba, sai ga shi yana shigowa da hantsi, yana jan takalmi don a ji. Shugaba ya kira shi, muka kasa kunne. Ashe tambayarsa ya yi ko zazzaɓin iyaka ne bai sake shi ba, ya kuma ce ya riƙa hutawa har sai ya ji ƙarfi.

Sai ya koma barci a kan tebur, har da minshari, ko da yake minsharin na koyo ne, don in shugaba ya wuce yakan buɗe ido ɗaya ya tambaye ni ko an gani. An gani kuwa. Shugaba ya sa aka matsar da teburin kusa da taga inda iska ke shigowa, ni aka mayar da ni lungu.

Malamin gona ya ce abin yana son ƙarfi. Aka samo wani bunsuru mai wari, malamin dabbobi ya jawo shi har tsakiyar ofis ranar Litinin, ya ɗaure shi a ƙafar teburin taro. Bunsurun bai ba mu kunya ba, ya yi duk abin da aka zo da shi dominsa. Shugaba ya tsaya yana kallo, sannan ya juyo gare mu ya ce mu yi koyi: ga ma'aikacin da ya gane cewa aiki ba a takarda yake ba. Ya sa malam ya nuna mana yadda ake duba haƙoran dabba, muka yini muna leƙa bakin bunsuru.

Abu na ƙarshe shi ya fi yi masa wuya. Muka ce ya daina gaida shugaba. Na ga mutumin nan yana gumi a bakin ƙofa kamar wanda za a cire wa haƙori. Shugaba ya shigo, malam ya ɗauke kai, ya ce "Kai dai" a ciki-ciki, ya wuce. Wallahi shugaba har da murmushi. A taro na gaba ya ce cikinmu duka mutum ɗaya ne ya fitar da tsoron Bature daga zuciyarsa, kuma irin wannan mutum bai kamata a bar shi a nan ba. Ya riga ya nema masa gurbin kos na ƙaro ilimi a Kaduna, zai tafi bayan damina.

A ranar babu wanda ya yi dariya a gindin tsamiya. Ruwa ya cika, zuwa iyaka ya zama sai an yi da gaske, kuma masu koro shanu sun kawo labarin cewa tsohuwa ta rage cin abinci. Maƙwabta suna kai mata tuwo, tana cewa a ajiye, ɗanta yana hanya. Na ce masa ya je ya faɗi gaskiya, ko me zai faru ya faru. Ya tashi ya je har bakin ƙofar shugaba, ya tsaya, ya dawo. Harshen da ya shekara da shekaru yana kukan ƙarya ya kasa furta abu ɗaya na gaskiya, kuma ban ga laifinsa ba, don ni ma da ba zan iya ba.

Wata safiya muna aiki sai muka ji sallama a bakin ƙofa. Wata mai sayar da busasshen kifi ce da ke cin kasuwar Lolo, ta riƙo hannun wata 'yar tsohuwa ƙarama, zanenta jiƙe har gwiwa da ruwan kwalekwale. Malamin dabbobi ya miƙe zumbur, kujerarsa ta faɗi.

"Inna! Wa yak kawo ki?"

"Ba wurinka niz zo ba," in ji ta. "Ina babbanku?"

Daga baya muka gano masinja ne ya gaya wa masu shanu cewa malam ba zai koma ba sai an same shi da laifi, su kuma suka kai mata maganar yadda suka ji ta. Shugaba ya fito, ya sa aka shimfiɗa mata tabarma, ya zauna a ƙasa kusa da ita. Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Ɗana, an ce kuna biɗan laihin yaronga ba ku samu ba. Ni na haihe shi, ni ka sanin laihinai. Wanga da kaka gani, ɓarawon ƙuliƙuli na. Ya sha sace min shi cikin tukunya."

Malamin dabbobi, mai furfura a gemu, ya rufe fuska da hularsa.

"Bai bar hitsarin kwance ba sai da yag girma. Ya taɓa sakin akuyar liman cikin gonar gero. Ga ƙiwa, a aike shi rahi shi tsaya kamun kihi. Wanga ba mutumin da za a ba tebur ba ne. Ku hore shi. Ku kai shi can inda sauro."

Mu duka muna danne dariya, masinja har ya fita waje da gudu. Shugaba ma yana murmushi, amma na ga murmushin yana raguwa.

"Inna, akwai saura?"

Ta yi ta neman wani laifin, bakinta yana motsi. Ƙuliƙuli ya ƙare, akuya ta ƙare. Da ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa.

"Babban laihinai, tun da ruwa yaf fara sauka, kullum la'asar ina jin tahiyar mutane bakin rahi, ba ni jin tahiyatai."

Shugaba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya kuwa gane cewa duk mun sani. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan kallo ba, shi ma ina jin kunyar ce ta kama shi. Sai ya juya ga malamin dabbobi, ya yi masa tambayar da ba a taɓa yi wa ɗayanmu ba tun da muka fara aiki.

"Malam, ina kake so ka yi aiki?"

Ya daɗe yana murza hula. Ya dube ni, ya dubi malamin gona, kamar mu ne za mu ba shi izini. Sannan ya nuna tabarma da haɓarsa.

"Inda take, ranka shi daɗe."

"To ka tafi. Maganar doka ka bar ta a hannuna, ni zan je in yi bayani. Kos kuma wani ya je."

Amma tsohuwa ba ta saki hannunsa ba. Ita ta san gwamnati, in ta ba ka abu da safe tana iya karɓewa da yamma.

"Horon nan na wata nawa na, ɗana? Kar in koma ku yahe mishi."

Shugaba ya haɗe fuska iyakar iyawarsa, ya ɗaga murya yadda duk ofis zai ji.

"Inna, laifin nan babba ne. Muddin kina raye ba za mu yafe masa ba."

Ta yi masa addu'a da Dendanci, doguwa, ba mu ji ko kalma ba amma muka yi ta cewa amin. Tun daga wannan rana, taron Litinin ya canja, don shugaba ya rage bayani, ya koma tambayar mutum ɗai-ɗai, yana jira har a amsa. Malamin gona ne ya fara gwada faɗin gaskiya, ya ce ruwan rijiyar garin amaryarsa lafiya lau yake. Teburin malamin dabbobi kuwa aka bar shi a bakin taga, ni aka manta da ni a lungu.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har muka daina lissafi. In ya kawo bayanin aiki, shugaba yakan tambaye shi, "Yaya horo?" shi kuma ya ce, "Ana sha, ranka shi daɗe," ba susa, ba tari. Sai wata safiya, ba ƙarshen wata ba, na hango shi ta ƙofa yana tahowa daga bakin ruwa a hankali, da tabarmarsa a naɗe a kafaɗa. Ya shigo ya gaishe mu, ya jingina tabarmar a bango, ya share ƙurar teburin nan da hannun rigarsa. Shugaba ya fito yana fara'a, ya buɗe baki zai yi tambayar da ya saba, sai ya ga tabarmar.

"Ranka shi daɗe," in ji malamin dabbobi, "horo ya ƙare."