Kaka da Jarrabawar Baftisma

Jiya da la'asar ina wucewa ta gaban wani gareji sai bakanike ya sauke guduma a kan tsohon ƙarfen tayar mota. Ƙarar ta tsayar da ni cak a bakin titi. Irin wannan ƙarfen ne ƙararrawar majami'armu a Jos Jarawa lokacin da nake yarinya. A reshen mangwaro aka rataye shi, kuma in aka buga shi ranar Asabar da ƙarfe huɗu, kowa ya san ajin baftisma ake kira. Mu biyu ne muke fita daga gidanmu: ni mai shekara goma sha uku, da Kaka, mahaifiyar babana, wadda ita kanta ba ta san shekarunta ba.

Bari in fara gaya maka ko wace ce Kaka. Tun tana budurwa ta sauko daga ƙauyenmu na bayan duwatsu, ta shiga aikin kuza wajen Rayfield. Ƙasa take ɗauka a kwano, daga cikin rami zuwa bakin ruwa inda ake wankewa, tun safe har rana ta faɗi. Kwanon ya cinye gashin tsakiyar kanta, wurin ya yi sumul kamar tafin hannu. Ba ta taɓa riƙe fensir ba. Hausarta ta kasuwa ce, kowa a bakinta "ya" ne: mace ya zo, akuya ya gudu. Sai bayan rasuwar mijinta, wata Lahadi, ta ɗaura zani ta bi Mama zuwa sujada ba tare da kowa ya kira ta ba. Da ta dawo ta kwance layun da ke ƙugunta, ta jefa a murhu, ta ɗora tukunyar gwate a kai. Ba ta sake waiwaya ba.

To amma a majami'armu akwai doka. Ba a sa mutum a ruwa sai ya ci jarrabawa a gaban dattawa. Akwai wani ɗan littafin tambayoyi da amsoshi da ake haddacewa, kuma Malamin aji, wani tsohon hedimasta mai farin gilashi, ba ya yarda a tsallake ko kalma ɗaya. Ba mugu ba ne. Shi dai ya yi imani cewa abin Allah ba a yi masa rabi da rabi. Sau uku Kaka ta shiga gabansu, sau uku aka ce ta dawo baɗi. Saboda haka duk Lahadin farkon wata, in za a ci jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da ake zagayawa da su a faranti, sai a ce waɗanda ba su yi baftisma ba su fita. Kaka takan tashi da sandarta ta fita tare da mu yara, ta zauna a kan dutse a cikin sanyin Jos, sa'anninta suna ciki da zanensu na zumuntar mata.

A shekara ta huɗu ne na shiga ajin, aka ɗora mini koya mata a gida. Daminar ta yi ƙarfi a shekarar, rana takan yi kwana uku ba ta leƙo ba, kayan shanya suna warin raɓa. Mukan zauna a ƙofar kicin, hayaƙin ɗanyen itace yana cin idanunmu, tana rairaye acca a ƙwarya, ni ina karantowa. In na faɗa ta maimaita, gobe ta manta. Na dame ta da gyaran Hausa, ina cewa mace "ta" ce, ba "ya" ba, har ta fara tsoron buɗe baki. Ranar da muka zo kan kalmar baratarwa, ta ajiye ƙwaryar ta ce, "Bara? In bara ne ai na iya. Hannu kawai ake miƙawa." Na yi tsaki. Abin da na faɗa mata bayan haka har yau yana ƙona ni: na ce in ba ta dage ta haddace ba, za ta mutu a waje, kuma a waje za ta tsaya a sama. Ta dube ni, ta yi tarin nan nata mai ja daga ƙirji, ta ɗauki ƙwaryarta ta ci gaba da aiki.

Ranar jarrabawa ruwa ya sauko da ƙanƙara, kwanon majami'a yana ta ƙara sai an ɗaga murya ake ji. Bibbiyu ake shiga, aka haɗa ni da Kaka. Dattawa biyar suna zaune a bayan tebur, Fasto a gefe, wani matashi da bai daɗe da zuwa ba. Ni aka fara yi wa tambaya, na zubo amsoshi kamar famfo. Aka gyaɗa kai.

Sai Malam ya juya ga Kaka. "Mama, mene ne baratarwa?"

Ta daɗe tana murza bakin zaninta. Na ga leɓenta yana motsi, tana neman kalmomin da na cusa mata. Can ta ce, "Yesu ta mutu domina."

Wani dattijo ya ƙyalƙyale da dariya, na kusa da shi ya rufe baki da hannu. Ni na san daga ina "ta" ɗin ta fito. Gyarana ne ya ruɗa ta. Na sunkuyar da kai. Malam ya rufe littafin a hankali ya ce, "Mama, kin yi ƙoƙari. Ki ƙara haƙuri, ki dawo baɗi."

Kaka ba ta tashi ba. Ta zungure ni da sanda. "Yarinya, faɗa wanda ka faɗa ɗazu. A hankali."

Na dubi Malam, bai hana ba. Na ce baratarwa ita ce Allah ya karɓi mai zunubi ya ce ba shi da laifi, ba don wani aiki da ya yi ba, sai don Almasihu, kyauta, ta wurin bangaskiya.

"Kyauta?" in ji Kaka.

"Kyauta, Mama," in ji Malam.

Sai ta zame ɗankwalinta, a gaban maza, a cikin ɗakin sujada, ta nuna musu tsakiyar kanta. "Malam, ni na san aikin lada. Oga yana tsaya a bakin rami, in kwano bai cika ba, ya ce koma. Wannan lada ne. Na kuma san kyauta. Ku kun ce kyauta, amma shekara huɗu kuna cewa kwano bai cika ba, koma. Wanne ne gaskiya? Abin da ke littafin ko abin da kuke yi?"

 Ƙanƙarar ta tsagaita, har muna jin ruwa yana zuba daga indararo.

Ta dafa sanda ta miƙe. "Ruwa naku ne, ku riƙe. Wanda ya mutu domina bai tambaye ni karatu ba. Ya ba ni, na karɓa. Ba ku kuka ba ni ba, ba za ku ƙwace ba."

Ta fita cikin ruwan sama da ɗankwalin a hannu.

Kada ka yi tsammanin sun biyo ta da ban haƙuri. An yi zama, an ce Fasto ya so a sa ta a ruwa, dattawa suka ce in aka karya doka don mutum ɗaya, gobe kowa zai zo da nasa. Da aka karanta sunaye ranar Lahadi, nawa yana ciki, nata babu. Baba ya sa hularsa zai je ya roƙe su, ta tare ƙofa ta ce in ya je ba ita ta haife shi ba. Ni ma na ce na fasa. Ta kama kunnena ta murɗe, ta ce da yarenmu, Ubangiji ya ce a yi, in je in yi, ita ma ba ƙi ta yi ba, hana ta aka yi.

Ba ta sake taka ajin ba, amma ba ta fasa sujada ko sau ɗaya ba. Abu guda ne ya canza: ranar jibi ta daina fita. Takan zauna a bencinta, faranti ya wuce ta, ba ta miƙa hannu, ba ta kuma motsa. Babu ɗan agajin da ya iya ce mata tashi.

Bayan girbin acca aka kai mu wani tafki da masu haƙar kuza suka bari. Ruwan kore ne, sanyinsa yana shiga ƙashi. Da Fasto ya ɗago ni, abin da na fara ji guɗar Kaka ce, ta rufe ta dukan matan da ke wurin. Ta shiga ruwan har idon sawu, ta lulluɓe ni da zaninta mai warin hayaƙi, tana ta dariya.

Ba ta kai wata daminar ba. Tarin ne ya tafi da ita. Kwana biyu kafin nan Mama ta tambaye ta ko tana jin tsoro, ta ce tsoron me, ai an riga an gama maganarta. A zaman makoki wata mata ta dafa kafaɗata tana cewa kash, da tsohuwa ta ƙara haƙuri kaɗan da ta tafi a shirye. Na ture hannunta na ce a shirye ta tafi, ta fi ki shiri. Mama ta mare ni a gaban mutane. Shi ne marin da ban taɓa yin nadamarsa ba. Malam ya zo jana'iza, ya tsaya can baya. Amma a shekarar da ta biyo, aka fara barin tsofaffi su ba da amsa da yarensu da kalmominsu, ba tare da an yi sanarwa ba.

Yanzu ni nake koyar da ajin baftisma a majami'ar da nake. Ina son karatu, ina sa yara su haddace, domin ya kamata mutum ya san abin da aka ba shi. Sai dai garin ya cika da masu sayar da abin da ba nasu ba. Wannan ya ce sai ka shuka iri, wato ka zuba masa kuɗi, wancan ya ce sai ka sayi mai a kwalba, wani ya ce azumin kwana arba'in ne zai sa Allah ya dube ka. Watan jiya wata mata ta same ni bayan aji, tana kuka, tana tambaya kwana nawa za ta yi ba ci kafin a yafe mata abin da ta aikata. Na ce mata ko ɗaya. Na ce ta je ta ci abinci, ta gode wa wanda ya riga ya ɗauki laifin, sa'annan ta je ta nemi gafarar wanda ta cuta.

Har yau a cikin dangi akwai masu rage murya in an ambaci Kaka, don sunanta ba ya cikin rajistar majami'a. Ni ba na rage tawa. Duk wanda yake ganin ba ta shiga ba, ya zo ya faɗa a gabana, amma ya taho da rasit ɗin abin da shi ya biya.