Fadamar da Ɗalibata Ta Hango

Lokacin da nake koyarwa a wata sakandare a Aliero, wata rana na fitar da ɗalibaina gindin dogonyaro, na ce su rufe ido su hango garinsu bayan shekara talatin. Har ni ma na rufe nawa idon na lula cikin tunani.

Can wata yarinya, ɗiyar manomin albasa, ta ce, "Malam, ga ni cikin fadamarmu. Ba ƙarar inji, ba hayaƙi. Hasken rana ke jawo ruwa, mangwaro ya yi inuwa ko'ina."

Na ce, "To, wa ya dasa mangwaron?"

Ta buɗe ido, ta yi jim. "Ashe mu ne."

Da kasuwar Jega ta ci, ɗaliban suka roƙe ni in taho musu da dashen mangwaro.