Ranar da tawadar Allah ta zube a Damagaram

Mu 'yan matan da ke waƙa a majami'a ba a taɓa barinmu shiga silima ba. Baba ya ce Baturiyar nan ta fim ba ta san kunya ba, kafaɗa a waje, ido kamar za ta cinye mutum. Shi ya sa in mun taso daga lakwal, wato makaranta, sai mun bi ta gaban hotonta da aka kafa a bango, muna ƙyalƙyala dariya. Tawadar Allah da ke gefen leɓenta ita ta tafi da hankalinmu.

Ran Lahadi mu tara muka ɗiga kwalli a daidai wurin, muka jeru a gaba. Fasto ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Yau kam tawadar Allah ta zube a Damagaram." Kafin baiti na biyu zufa ta ja ta har haɓa.

Bara jikata ta nemo mini matar a waya. Na duba hoto bayan hoto, fuska fes, ko ɗigo babu. Ashe kan ƙusar da ta riƙe hoton muka kwaikwaya.