Siddiƙ da Takardun Naɗe Tsire

Duk wanda ya taɓa sayen tsire a unguwar Briqueterie ya san Siddiƙ, ya kuma san halinsa mai ban haushi: ba ya naɗe maka nama sai ya karanta takardar tukuna. Kai kana haɗiyar yawu, shi yana bin Faransanci da yatsa mai maiƙo. Tsofaffin takardun ɗaliban jami'a yake saye kilo-kilo, a yage, a cakuɗe.

Shekara ashirin yana haka, kullum kansa ƙara ɗaurewa yake. Yau takarda ta ce a bar mulki ga dattijo mai ladabi, gobe ta ce a jefa ƙuri'a, jibi ta ce sarki ma a yi hattara da shi. Shi kuwa a zatonsa duk malami ɗaya ne ya rubuta.

"Wannan bawan Allah ba ya tsayawa kan magana!" yakan ce.

Da shugaban masu tsire ya rasu, rigima ta tashi. Dattawa suka ce ɗan marigayi ya gada, matasa suka ce sai zaɓe. Yuguda, ƙanen marigayin kuma aminin Siddiƙ tun suna samari, ya ce a bar wa Siddiƙ ya yanke ran Juma'a, ai shi ya sha karatu. Shi Yuguda jira yake ya ji an ce gado. Siddiƙ ya san da haka, kuma ba ya son rasa Yuguda.

Ya kwashi takardun ya kai wa 'yarsa Zaitun mai karatu a jami'a. Ta duba, ta yi dariya har da hawaye.

"Baba, ai ba mutum ɗaya ba ne. Wannan ɗan Sin ne, wannan ɗan Girka, wannan na Indiya, ga na Timbuktu. Tsakanin wasunsu ma shekara dubu."

"To, a ƙarshe wa ya yi gaskiya?"

"Har yau gardama ake yi."

Tirƙashi! Bawan Allah ya dafe kai.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya miƙe gaban jama'a.

"Masu ilimin duniya ba su daidaita ba. Wallahi ni ma ban sani ba."

Yuguda ya dube shi, ya ce:

"Da zaɓe ka ce, Siddiƙ, da na haƙura. Amma ka sani, ka ɓoye mini?"

Siddiƙ ya yi rantsuwa har muryarsa ta dashe, ba wanda ya yarda. Washegari Yuguda ya tashi da tukubarsa zuwa unguwar Madagascar, can wani gefen gari, ko sallama bai yi masa ba.