Mai Agogo da Kalmar Farkawa

Shagon Mai Agogo bai fi taku uku ba daga ƙofa zuwa bango. A ciki akwai teburi mai aljihu shida, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da ɗan gilashin da yake maƙalawa a idon dama har wurin ya yi shaida. Agogo goma sha ɗaya ne rataye a bango, kowanne da lokacinsa, don masu su ba su dawo ɗauka ba, shi kuma bai ga dalilin tilasta musu su yarda da juna ba. Shekara arba'in da biyu ke nan yana wannan aiki. Ya ga zamanin da kowane ma'aikaci ke da agogo a hannu, ya kuma ga zamanin da waya ta ƙwace masa rabin kasuwa. Bai yi fushi da wayar ba. Canjin batir da gyaran madauri sun ishe shi, ga masu kawo agogon mahaifansu suna roƙon a taimaka a farfaɗo da shi.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Babban ɗansa yana aiki a wata ƙasa mai nisa inda ake Sifaniyanci, can ya yi aure, can aka haifi jikarsa. Sunan mahaifiyar Mai Agogo aka sa mata, shi ya sa yake kiranta Uwata. Duk Lahadi ana kiran waya mai hoto. Da tana ƙarama, gwalo da dariya sun wadatar. Yanzu ta shekara bakwai, baki ya buɗe, amma ba da Hausa ba. Takan ce "Ina kwana, Kaka," ya ce "Lafiya lau, Uwata," daga nan sai kallon-kallo. Lahadin da ta wuce ta yi masa wata tambaya da harshensu, uban ya fassara: aikin makaranta ne, wai ƙarfe nawa yake farkawa. Kafin amsa ta bi ta bakin uban ta dawo, yarinya ta miƙa waya ta koma wasanta.

Washegari ya leƙa wurin maƙwabcinsa mai kemis, wanda ya yi karatun haɗa magani a irin waɗannan ƙasashe.

"Ɗana, ina son magana ɗaya tak. In ta sake tambaya, in ba ta amsa da bakina."

Mai kemis ya yago bayan kwalin magani, ya rubuta da manyan baƙi: despertarse.

"Baba, wannan ita ce farkawa. Amma ba haka ake faɗinta ba, sai an kwance ta."

"Kwancewa ai aikina ne. Nuna min sukurorin."

Ya nuna masa. Wannan "se" ta wutsiya ana cire ta a kai gaba, sai ta canza kama: in kai ne, me; in wanda kake wa magana ne, te. Sannan "e" ta tsakiya takan tsage ta zama "ie". Me despierto, ina farkawa. Te despiertas, kana farkawa. Amma in ku biyu ne ko fiye, sai tsagin ya haɗe: nos despertamos, muna farkawa.

Mai Agogo ya maƙala gilashinsa ya duba kwalin kamar cikin agogo. Aji huɗu ya yi a makaranta, baƙi ɗaya-ɗaya yake bi, amma ya san abin da ake kwancewa a mayar. Ya jingina kwalin a jikin fitila, kwana shida yana bita tsakanin wannan batir da wancan.

A gida ma bai bari ba. Matarsa na yankan albasa ta ji yana "me… me…" a bayanta.

"Me kuma, Malam? Ni kake tambaya?"

"Karatu nake."

"To Allah ya ba da sa'a. Mutumin da ko sunan maganinsa ba ya riƙewa."

Lahadi ta zo. Ya sa rigar da aka goge, ya zauna kusa da taga inda haske ya fi kyau. Uban ya tura yarinya gaban waya, ya raɗa mata wani abu. Ta yi tambayar tana wasa da gashinta, idonta na wani wuri:

"Kaka, ¿a qué hora te despiertas?"

Kalmar "te" ta maƙale masa a kunne. Ya gyara murya, ya ce da ƙarfin gwiwa:

"Te despierto a las cinco."

Yarinya ta zaro ido. Sai ta ƙwalla ihu, "No, Kaka, no!" ta faɗa kan kujera tana dariya, wayar na nuna silin. Uban ma dariya yake har da riƙe ciki.

"Baba, ai cewa ka yi kai ne kake tashinta ƙarfe biyar na asuba!"

Matar Mai Agogo ta ce daga bakin ƙofa, "Ai kuwa zai iya. Ni shekara nawa yana min haka."

Kunya ta so kama shi, sai ya ga fuskar Uwata ta dawo ta cika wayar. Tana nuna ƙirjinta tana cewa "me, me," tana nuna shi tana cewa "te." Ya maimaita, ta girgiza kai, ya sake. Da ya gane dariyar ce ke riƙe ta, sai ya ƙara ɓatawa da gangan sau biyu. Ran nan har batirin waya ya yi ja ba ta koma wasa ba.

Daf da sallama uwar yarinyar ta leƙo ta faɗi wani abu, uban ya fassara: wai in da gaske Kaka yake, a taimaka, don tashin yarinyar nan ranar makaranta aiki ne na mutum biyu.

Tun daga lokacin, ɗaya daga agogon bangon nan an saita shi da lokacin ƙasarsu. In ya nuna bakwai saura kwata, Mai Agogo yakan ajiye abin da ke hannunsa ko da mai kaya na tsaye, ya kira waya, ya ɗauko wani tsohon agogo mai ƙararrawa biyu a ka, ya sake shi a bakin wayar. Daga can sai a ji murya cikin bargo:

"Me despierto, Kaka, me despierto!"

"Kin farka, na ji. Saura ki tashi."

Waɗannan kalmomi biyu, farka da tashi, ta riga ta san bambancinsu, don kullum sai ta yi gardama a kan ta biyun.