Inuwar da Kawu Ya Riga Kowa Shiga

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana renon itatuwa a bayan sakatariyar ƙaramar hukuma. Wurin ɗan ƙarami ne: rumfar raga, famfo ɗaya mai yin tari kafin ya kawo ruwa, da layukan baƙaƙen ledoji, kowace da ɗan tsironta. Ma'aikata suna ce masa Mai Inuwa, kuma tsokana ce, don duk abin da yake reno bai kai gwiwa ba. Ni akawu ce a sashen ayyuka, tagar ofishina tana kallon rumfarsa.

Shekarar da aka rufe masaƙar garinmu, gari ya mutu murus. Sabon ciyaman ya zo da shirin farfaɗo da shi: a mayar da masaƙar kasuwa, a shimfiɗa titi daga tasha har ƙofarta. Aka ajiye samfurin aikin cikin akwatin gilashi a zauren sakatariya, da shagunan kwali da bishiyoyin soso. Kowa shagunan yake kallo. Kawu kuwa bishiyoyin ya ƙirga, ɗari biyu da arba'in, ya koma ya cika leda ɗari biyu da arba'in da irin darbejiya, ba wanda ya sa shi.

Tun daga nan ya fara tafiya cikin inuwar da babu ita. In mun taso aiki muka bi ta inda za a yi titin, rana na dukan ƙeya, sai ya rage sauri, ya cire hula, ya ce nan wurin akwai sanyi. Ya nuna mini inda mai gyaran takalmi zai kafa teburinsa, da inda tsofaffi za su zauna musu, da reshen da zai dami rufin wani shago har sai an sare shi. Matarsa takan ce ta auri mai shan iska a gindin bishiyar da ba ta kai cokali ba. Nakan yi dariya, amma wani lokacin ni ma sai in ji kamar iskar ta taɓa ni.

Sai aljihun hukuma ya bushe. Kansiloli suka ce a rage ma'aikata, ƙungiyar ma'aikata ta ce ba ta san zancen ba, aka shiga yajin aiki. Ƙa'idarmu in an shiga yaji, duk kayan aiki sito ake kai su, daga tsintsiya har baro, a danna kwaɗo, shugaban ƙungiya ya rataya makullin a wuya. Tiyon Kawu da butocinsa na ban ruwa suna ciki. Da shi aka kafa ƙungiyar, kuma bai taɓa karya yaji ba.

Kwana huɗu, ganye ya fara lanƙwasa. Kawu yakan zo ya zauna gefen ledojin, hannuwa a cinya, tsakaninsa da famfo taku uku. Na ce ya kawo bokiti daga gida mana, wa zai gani? Ya ce shi zai gani. Haushinsa ya kama ni, amma tausayi ya fi yawa.

Rana ta shida muna zaman yaji a bakin ƙofa, ya je gaban shugaban ƙungiya, wani ƙaton direban motar shara.

"Shugaba, ba roƙon makulli na zo ba. Na zo ne ka sani, itatuwan nan ba su san ana yaji ba."

Shugaba ya daɗe yana juya makullin a ƙirjinsa. Ya ce doka doka ce, ba zai buɗe sito don kowa ba. Can sai ya miƙe, ya ce ranar bakin ƙofar nan ta ishe shi, daga yau zama ya koma rumfar Mai Inuwa, kuma kowa ya taho da ruwan wanke fuskarsa daga gida. Sannan ya dubi Kawu.

"Baba, ban ruwa aiki ne, an hana. Wanke fuska kuwa, ban ga inda aka hana ba."

Ban taɓa ganin masu tsabta irin na wannan yajin ba. Masu shara, direbobi, masinjoji, mu akawuna, kowa ya tsuguna kan layin ledoji yana wanke fuska sau goma a wuni. Kawu bai zuba ko ɗigo ba. Bin layi kawai yake yi, hannu a baya, yana cewa wannan fuskar ba ta fita ba, a ƙara.

A kwana na ashirin da uku aka sasanta. Ba za a kori kowa ba, amma waɗanda suka haura shekara talatin za su yi ritaya, titi da bishiyoyinsa kuma an cire su daga kasafi. Da aka zo ƙuri'a, hannun Kawu ne ya fara tashi. Ni na kasa ɗaga nawa.

Ranar da zai bar aiki ya tsaya a bakin rumfa. Duk wanda ya zo sallama, sai ya miƙa masa ledojin da ya wanke fuska a kansu. Bai manta na kowa ba.

Yau shekara tara ke nan. Kasuwar ta tsaya a rabi, titin har yanzu ƙasa ce. Amma in ka ga darbejiya a ƙofar gida a garinmu, to ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a ciki, kuma Kawu yana zagaya su da sandarsa yana yi wa masu su faɗan rashin sassabe. Ran nan na raka shi, hanya ta biyo da mu ta wajen masaƙa, rana tsaka, fili fetal. Ya rage sauri, ya cire hula. Ni ma na rage.